Jirgin ruwan 'yan Star Trek ko Comic-Con na San Diego, wanne ya cancanci kuɗinka?

Salam 'yan uwa. Ƙaninmu da ke karatu a Amurka ya tambaya jiya, yace kuɗin da ya tara wuri ɗaya kacal zasu kaishi, shin ya shiga jirgin ruwan nan na masoya Star Trek, wato shirin talabijin da finafinan nan na tafiyar sararin samaniya, ko ya tafi taron Comic-Con na birnin San Diego, kuma wai yaya yini ɗaya yake a cikin jirgin. Toh ƙanena gyara zama, dan abubuwan nan biyu daga nesa kamar ɗaya suke amma ba ɗaya bane.

Shi jirgin sunan tafiyar Star Trek: The Cruise, an fara a Janairun 2017 daga Miami a jirgin Norwegian Pearl, William Shatner wanda ya fito a matsayin Kyaftin Kirk tun 1966 shine mai masaukin baƙi, shekarar da ta biyo baya George Takei, shima jarumin shirin, ya karɓa. Abinda zaka fara ganewa shine hayar jirgin ake ɗauka gaba ɗayansa, babu wani fasinja da ya shigo dan shan iska kawai yana kallonku kamar kun zare, duk mutum dubu biyu zuwa uku da ke ciki abu ɗaya ya kawo su. Comic-Con kuwa tun 1970 ake yinsa, yanzu duk watan Yuli, Alhamis zuwa Lahadi, mutum sama da 130,000, kuma na kowa da kowa ne, 'yan littattafan zane, 'yan gem, 'yan katun ɗin Japan, manyan kamfanonin fim, kai Star Trek ɗinka lungu ɗaya ne a ciki.

Yanzu ga yinin. A jirgi ka tashi da asuba kayi sallah, wayarka zata taimaka wajen alƙibla amma ƙarfen jirgi na rikita kamfas wani lokacin, dan haka riƙe wannan, daga yankin Karibiyan alƙibla arewa maso gabas take, wato hagu da mafitar rana, kuma jirgi na juyawa sai ka riƙa sake dubawa kowace sallah. Daga nan ka hau sama karin kumallo, abinci a jere kowa ya zuba da kansa, a nan zaka fara ganin abin mamaki, dattijo mai furfura sanye da jar riga ta ma'aikatan jirgin sama jannati yana zuba ƙwai, wata da dogayen kunnuwa irin na mutanen duniyar Vulcan ta cikin shirin tana haɗa shayi, sai ka juya kaga jarumin da ka girma kana kallo a talabijin yana bin layin burodi a bayanka da gajeren wando. Al'adar wurin itace ka gaishe shi ka barshi yaci abincinsa, hoto da sa hannu suna da lokacinsu kuma biya ake.

Da hantsi ake fara zaman hira a babban zauren jirgi, jarumai su zauna a dandamali jama'a nata tambaya, kuma ba kullum maganar fim ba, akan gayyato masana kimiyya suyi bayanin taurari da tafiyar sararin samaniya ta gaske. Da rana akwai kacici-kacici, wanda wallahi in baka haddace shirin ba kada ma ka ɗaga hannu, akwai mutanen da zasu faɗa maka lambar jirgi da sunan duniyar da aka ambata sau ɗaya a wani kashi na shekarun 1990. Abinda yafi burge ni shine jaruman da kansu suke jan waɗannan wasannin, wani ya karanta wasan kwaikwayo, wani yayi waƙa, wani ya jagoranci gasa, dan suma a cikin teku suke kamar kai babu inda zasu je, kwana shida ko bakwai kuna haɗuwa a lif da hanya har su fara gane fuskarka. Da dare kowa ya sa shigar da aka ware ma daren, a cika zaure da babban wasa, bayan nan hira a saman jirgi har ƙarfe nawa, teku baƙi ƙirin taurari kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ranar da jirgi ya tsaya a tasha irin Cozumel a Meziko ko Nassau a Bahamas kuma sai a sauka yawo a dawo kafin yamma, in ka makara jirgi baya jira.

Yinin Comic-Con fa? Layi. Ban faɗa dan in kushe shi ba, haka abin yake. Babban zauren da ake kira Hall H mutum wajen 6,500 yake ɗauka, mutane kwana suke a waje dan su samu shiga, kuma ba a fitar da jama'a tsakanin zama da zama, kaga wanda ya shiga da safe sai ya kafe har yamma, kai kuma in shirin da kake so na la'asar ne dole ka shiga tun safe ka kalli na wasu. Filin baje kolin kuwa kamar Kantin Kwari jajibirin sallah, kafaɗa da kafaɗa. Jarumin da kake so zaka hango shi can nesa, galibi a majigi zaka ga fuskarsa, awa ɗaya ya gama a fitar dashi ta ƙofar baya.

Amma fa a bashi haƙƙinsa, abinda San Diego ke dashi jirgi bashi dashi. A can ake fara sanar da sabbin finafinai, a can zaka ga masu zane suna zana a gabanka ka sayi aikinsu hannu da hannu, tsoffin littattafan da baka samu ko'ina, ga unguwar Gaslamp a waje cike da abubuwan kallo da wasu ko tikiti basa buƙata. In kai mai son komai da komai ne jirgi zai iya gundurarka a kwana na uku, dan safe Star Trek dare Star Trek.

Maganar kuɗi, kada tikiti ya ruɗe ka. Na Comic-Con na kwana huɗu 'yan ɗaruruwan dala ne amma samunsa sai an dace, a intanet ake sayarwa watanni kafin taron kuma nan da nan yake ƙarewa, sannan otal a satin nan wuta ne, ga abinci ga mota duk daga aljihunka. Na jirgi tun daga ɗaki mafi araha wanda babu taga ya haura dala 1,000 nesa ba kusa ba, kuma lissafin mutum biyu a ɗaki akeyi, in kai kaɗai ne ko ka nemi abokin ɗaki ko ka biya ƙari mai yawa, sai dai kuɗin ya haɗa kwana da abinci da wasanni. Intanet a teku daban ake biya. Ɗakunan ma kusan shekara guda kafin tafiya ake kamawa.

Sai abubuwan da suka shafe mu. Abinci a jirgi kifi da kayan lambu da shinkafa basa yankewa, in kana son naman halal ka rubuta musu tun kafin tafiya, kuma giya tana ko'ina musamman da dare, ka sani tun yanzu. In kana da jiri a mota nemi magani kafin ka hau ka kuma zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi can ƙasa, yafi rashin girgiza. Na biza yafi komai muhimmanci, jirgin fita yake daga Amurka ya dawo, dan haka kaje ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku su tabbatar takardunka zasu baka damar sake shigowa kafin ka biya ko sisi, San Diego kuwa cikin gida ne babu wannan fargabar.

Tunda kace tun kana firamare kake kallon Star Trek da babanku, ni jirgin nake zaɓa maka da zuciya ɗaya in takardu sun yarda. Tallan sabbin finafinan da ake nunawa a San Diego yawanci ranar zaka gansu a YouTube, zama teburi kusa da mutanen nan kuwa babu wayar da zata baka. Ka dai duba kalanda da kyau, tafiyar a shekarun nan Fabrairu zuwa Maris take faɗowa, lokacin da azumi ma yake zagayowa kenan.