Sharhi kan fim ɗin Double Indemnity na 1944

Fim ɗin Double Indemnity, wanda Billy Wilder ya ba da umarni kuma kamfanin Paramount ya fitar a 1944, labari ne na Walter Neff, wani dillalin inshora a birnin Los Angeles, wanda ya haɗa baki da Phyllis Dietrichson suka kashe mijinta, bayan sun yi dabara ya sa hannu a takardar inshorar haɗari ta dala 50,000 ba da saninsa ba, kuɗin da ke ninkawa idan ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa. An ciro labarin daga littafin James M. Cain, kuma Raymond Chandler ne ya taya Wilder rubuta shi, shi ya sa kalaman 'yan wasan suke da kaifi.

Wasu masu kallo suna ƙorafin cewa an tona asirin labarin tun daga farko, domin fim ɗin ya buɗe ne da Neff, da raunin harsashi a kafaɗa, yana amsa laifinsa cikin na'urar naɗar murya. Ni kuwa wannan ne ya riƙe ni, domin tun da na san wanda ya yi kisan, sai hankalina ya koma kan Barton Keyes, mai binciken iƙirarin diyya a kamfanin, wanda Edward G. Robinson ya fito a matsayinsa. Keyes yana ƙaunar Neff kamar ɗansa, kuma a gaban Neff ɗin yake warware zaren makircin, yana tambayar me ya hana mijin neman diyya lokacin da ya karya ƙafa in har ya san yana da inshorar haɗari, alhali bai san da wanda yake magana ba. A ganina, wannan amana da aka ci ta fi soyayyar Neff da Phyllis nauyi nesa ba kusa ba, soyayyar da ni ma ban gamsu da ita sosai ba.

Gashin dokin da aka ɗora wa Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin Phyllis, ya sha suka, kuma gaskiya yana damun ido a mintunan farko, amma kallon da take yi a cikin mota lokacin da ake kashe mijin, ba tare da an nuna kisan ba, ya wanke ta. Hasken mai ɗaukar hoton fim ɗin, John Seitz, wanda ke ratsa labulen taga ya zana layuka a jikin mutane, ya fi kyau a ɗaki mai duhu; a fuskar waya rabin aikin yakan ɓace.

An zaɓi fim ɗin a rukuni bakwai na kyautar Oscar, bai ci ko ɗaya ba. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya kunna rubutun ƙasan allo, domin Fred MacMurray, wanda ya fito a matsayin Neff, da Robinson suna magana da sauri ƙwarai.