Firintar tanki a gida: yadda muka kwashe da sitika, kati da takardar riga

Saboda zoɓon uwargida na sayi firintar nan, ba don wani aikin ofis ba. Tana yin zoɓo da kunun aya da yajin daddawa a gida, a nan Agege, yara suna kaiwa shaguna da bakin masallaci ranar Juma'a. Da kasuwa ta fara buɗewa sai ta ce ita ma gorunanta suna son suna da lambar waya a jiki, kamar na mutane. Na hau mota har Onipanu, na taka cikin Shomolu inda maɗaba'u suke jere kamar rumfunan kasuwa. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: ba ya tayar da inji a kan guda ɗari biyu, sai dai in buga dubu. Dubu kuwa, ranar da ta canza lamba ko farashi sun zama shara. Mako na zagayowa na shiga Computer Village a Ikeja na ɗauko firinta mai tanki huɗu, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, irin wadda ake tsiyaya mata tawada daga kwalba. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan tana kan teburi a falo.

A kan farar takarda ta yau da kullum, A4 mai giram 80 (da giram ake auna nauyin takarda, mai yawan giram ta fi kauri), ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Takardun jarrabawar Islamiyyarmu duk a kanta nake bugawa, tawadar kuma tana da auki har mutum ya manta yaushe ya zuba. Wuta ma ba ta ci: ƙaramin inbatan da ke riƙe mana fanka da fitilu yana ɗaukarta ba tare da ya yi kuka ba, abin da firintar leza ba za ta yarda da shi ba, don ita sai ta gasa takarda. Rigimar ta fara ne ranar da na bar farar takarda.

Sitika na fara saya, mai sheƙi, fakitin hamsin. Na buga sunan uwargida da jan rubutu da hoton ganyen zoɓo, muka yanka da almakashi muka manna. A kan tebur abin gwanin sha'awa, har maƙwabta suna tambayar inda muka kai aiki. Ranar Juma'a aka jera goruna a kula aka zuba ƙanƙara. Bayan sallah yaron ya dawo da rabin kayan, tafin hannunsa ja-ja-wur. Na buɗe kular, na tarar rubutun ya zubo kamar kwallin da aka yi kuka da shi, lambar waya ta koma wani zane da ko ni da na rubuta ba zan iya karantawa ba, wasu sitikun ma sun saɓule suna yawo a kan ruwa. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, wannan ai ka rina min kula ne, ba talla ka yi min ba.”

Laifin ba na injin ba ne, rashin sanina ne. Tawadar firintocin gida iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta narkakke ne a ruwa kamar shuɗin wanki. Tana da kyau da haske a kan hoto, amma ruwa na taɓa ta sai ta tuna asalinta. Akwai kuma mai gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ke zama a fuskar takarda, in sun bushe ruwa ba ya narkar da su, rana ma ba ta saurin cinye su. Tawa duk huɗun na rini ne. Wasu firintocin tanki baƙinsu mai gari ne, sauran ukun na rini, don haka rubutun baƙi ya fi jure jiƙa a kansu. Da na san haka tun a Ikeja da na tsaya na karanta jikin kwalbar kafin in biya kuɗi, maimakon tambayar ko tana buga kala.

Maganin da ya zauna mana shi ne sitikar roba wadda aka yi musamman don firintar tawada. Fuskarta tana da wani shafe da ke kama tawadar, jikinta kuma ba ya jiƙa. Duk da haka ba na sakin jiki: ina barin ta kwana ta bushe, sannan in lulluɓe ta da farar ledar laminatin mai gam, wadda ba ta buƙatar zafi. In ledar ta ƙare, faffaɗan salatif yana fid da kai kunya, sai dai yana barin kumfar iska in hannu ya yi rawa. Tun daga nan gorunan suna wuni cikin ƙanƙara su fito da sunansu. Kuɗin sitikar robar ya ninka na ta takarda, shi ya sa robobin yaji, da ba sa ganin ruwa, har yau ta takarda nake manna musu, marar sheƙi, don ko da hannu mai maiƙo ya taɓa ba ta nuna sawun yatsa.

Na gwada sitika garai-garai, mai kama da leda, ina ganin za ta yi kyau a jikin gora. A kan kunun aya ta fito, a kan zoɓo ta ɓace ɓat. Firintar gida ba ta da farar tawada, farin da kake gani a hoto farin takardar ne. In babu fari a ƙasa, launin abin da ke bayan sitikar ne zai haɗiye rubutun. Haka ma takardar nan mai ruwan ƙasa da ake yayin yin lebul da ita: baƙi yana zama daram a kanta, amma shuɗi sai ya koma kamar tsohon shuni, rawaya kuwa ba a ma ganinsa.

Sai walimar saukar ɗalibanmu ta taso, aka ce tunda Malam yana da inji, shi zai buga katin gayyata da takardun shaida. Na koma Shomolu na sayi katin da suke kira at-kad, mai santsi, mai giram 300, irin wanda ake bangon littafi da shi. Dattijon da ya sayar mini, wani Bayarabe mai tabarau a kan hanci, ya tambaye ni da wane inji zan buga. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai ya ce wannan katin ba na injina ba ne. Na ɗauka so yake ya tura mini mai tsada. Na kai gida, da ƙyar ma firintar ta ja shi, tana ta gurnani. Da ya fito, tawadar tana kwance a kansa kamar raɓa a ganyen gwaza. Na jingine shi a bango har washegari, na sa yatsa na shafa, sunan makarantar ya biyo yatsan. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda tawada take zama a kan allo ba ta shiga, ruwa kaɗan ya wanke ta, to haka. An yi wannan katin ne don manyan injinan maɗaba'a masu tawadar mai, shafen da ke kansa ba ya shan ruwa, tawadar gida kuwa kusan duk ruwa ce. Na koma wurin dattijon da kunyata, bai ce mini komai ba sai dariya, ya miƙo mini kati marar sheƙi mai giram 220 wanda aka rubuta a jikin fakitinsa cewa na firintar tawada ne, ana bugawa gaba da baya. Shi ya fitar da mu. Rubutun Larabci ya fito tsaf, wasali da ɗigo ba wanda ya cuɗe da wani, biro kuma ya kama wurin sa hannu.

Ko a wannan katin sai da na koyi ciyar da ita. Firintata ta baya take cin takarda, wannan kuma alheri ne, don takardar ba ta lanƙwasawa sosai kafin ta fito, ba kamar masu aljihu a ƙasa ba da sai takarda ta yi kwana. Amma in na zuba kati goma a lokaci ɗaya, ko dai ta ja biyu ko ta yi ta murza taya a banza. Ɗaya-ɗaya nake sa mata, in ɗan dafa shi da yatsa har ta kama. Shaida tamanin, haka na zauna tun bayan isha'i har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kuma dole ne a gaya mata irin takardar da aka sa, a cikin saitin bugawa. In ka bar ta a kan farar takarda alhali mai sheƙi ka sa, sai hoto ya fito da layi-layi, launi ya dushe, don gudu take yi kuma yawan tawadar da take fesawa daban ne.

A wajen hoto ne firintar ta fi burge ni. Takardar hoto mai sheƙi ita ma kala biyu na samu a kasuwa. Mai araha, giram 180 zuwa 230, bayanta takarda ce zalla, ana iya rubutu a kai. Mai tsada, wajen giram 260, bayanta sulɓi ne kamar roba, tana fitowa a bushe, baƙinta kuma ya fi zurfi. Hoton fasfo na yara da na takardun makaranta duk a kan mai tsadar nake yi, takwas a ƙaramar takarda mai inci 4 da 6, ba wanda ya taɓa dawo mana da shi. Amma fa tawadar rini ba ta shiri da rana. Hoton kaya da na manna wa wani ɗan uwa a ƙofar shagonsa bai yi wata uku ba ya koɗe, jan ya gudu ya bar fuskar komai kore-kore. Wanda ke cikin firam a ɗaki kuwa yana nan yadda yake.

Abin da ba a rubuta a jikin kowane fakiti ba shi ne damshin Legas. Daga watan Mayu zuwa Yuli, in ka bar fakiti a buɗe kwana biyu, takardar hoto sai ta nannaɗe gefe kamar ganyen da aka yi alala da shi. In ka sa ta haka, kan firintar, wato abin da ke kai-kawo yana fesa tawada, yana gogar gefen da ya tashi, ya bar maka baƙin tabo a kusurwa. Tawadar ma ba ta bushewa da wuri, ƙananan tayoyi masu haƙora da ke bakin fita sai su taka ta su ja ɗige-ɗige tun daga sama har ƙasa. Yanzu kowane fakiti yana cikin ledarsa a ɗaure, a cikin akwatin roba mai murfi, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Abin da na buga kuma ba na ɗora wani a kan wani, a kan gado nake baza su ƙarƙashin fanka. Ƙanina da ke Kano ya ce shi matsalarsa akasin haka ce, ƙura da bushewar bakin tawada lokacin hunturu. Ni ma in na yi kwana goma ban buga komai ba sai na ga layi ya ɓata, sai an sa ta wanke kai, wankin kuma tawada yake sha. Shi ya sa duk Asabar nake buga shafi ɗaya mai launi ko da ba na buƙata. In NEPA ta ɗauke wuta tana tsakiyar aiki kuma ba ta kan inbata, kan yana tsayawa a fili ba murfi. Da wuta ta dawo nake kunna ta ta koma mazauninta, sannan in kashe ta da maɓallinta.

Takardar riga, wadda ake buga zane a kanta a manna wa riga da guga, ita ce ta fi ba ni kunya a gaban jama'a. Ita ma biyu ce, ta farin yadi da ta yadi mai duhu. Ta farin yadi kifa ta ake yi a kan rigar a goge bayanta, don haka dole a juya zanen kamar a madubi kafin a buga. Ni kuwa na manta. Rigar farko da na ɓare, sunan makarantar da Larabci ya fito daga hagu zuwa dama. Wani ɗalibi ɗan shekara tara ya ƙura mata ido ya ce, “Malam, wannan wane irin rubutu ne, ba mu zo wurin ba?” Ta yadi mai duhu kuma ba a juya ta: ɓare bayanta ake yi, a shimfiɗa ta fuska sama, a rufe da takardar da ke cikin fakitin sannan a danna. Dutsen guga ya wadatar in babu tururi, kuma a kan katako mai tauri, da nauyin jiki, ba a kan teburin guga mai laushi ba. Rigunan sun yi kyau ranar walima, hotuna sun fito. Bayan wanki biyar ko shida zanen ya fara tsagewa kamar busasshen tabki, ko da an juya rigar ciki waje an wanke da ruwan sanyi. Rigar yini ɗaya ce, ban ba kowa shawarar ya yi ta sayarwa da ita ba.

Akwai kuma takardar da ake buga kofi da faranti da ita, wadda wani yaro a kasuwa ya rantse mini za ta yi a injina. Ba ta yi ba, ba kuma za ta yi ba: tana buƙatar tata tawadar daban mai tashi kamar hayaƙi in ta ji zafi wajen digiri 200, sannan sai a kan yadin roba ko kofin da aka shafe don haka. Fakitin yana nan a ƙasan akwati, yara suna zane a bayansa.

Da za a dawo da ni Ikeja yau, zan sake sayen mai tanki, amma zan nemi wadda baƙinta mai gari ne, saboda lebul da takardun shaida sun fi yawa a aikina fiye da hoto. Aiki mai yawan gaske kuwa ba na wahalar da kaina, Shomolu nake kaiwa, ya fi araha kuma ya fi ƙarko. Watan jiya uwargida ta canza lambar waya. Kafin ta gama tace zoɓon na gyara zanen na buga arba'in, suna kan gado ƙarƙashin fanka.