Na biya yuro 25 kan kowane ɗaya don a faɗa min wa ya ƙera gilasaina na Italiya

Jama'a barkanmu. Wasu cikinku sun san ina zaune kusa da Padova shekaru yanzu, kuma duk Lahadin ƙarshen wata in dai ba aiki sai na leƙa kasuwar gwanjo ta Piazzola sul Brenta, kasuwa ce babba sosai ta tsofaffin kaya, sai ka wuni kana zagaye baka gama ba. A nan cutar gilashi ta kama ni. Da farko ado kawai nake saya wa falo, daga baya sai na fara tambayar kaina shin waɗannan abubuwa da kowane ɗan kasuwa ke rantsuwa wai Murano ne, wa ya yi su ne takamaimai?

Ga wanda bai sani ba, Murano tsibiri ne dab da birnin Benis, minti kaɗan ne a jirgin ruwa. Tun 1291 hukumar Benis ta kwashe masu hura gilashi ta mayar da su can saboda tsoron gobara, kuma har yau suna nan. To matsalar ita ce Murano sunan wuri ne, ba sunan kamfani ba. Gidaje ne barkatai, akwai Venini, akwai Barovier & Toso, Seguso Vetri d'Arte, Fratelli Toso, da ƙananan da ba wanda ya riƙe sunansu. Kamar a ce maka wannan rinin Kano ne, eh mun ji, amma wace marina, hannun wa? Kuma kuɗin yana wajen amsar nan ne.

Na fara da manhajar nan ta waya da kake ɗaukar hoto ta nemo maka makamancinsa. Ɓata lokaci ne wallahi. Abin da take kawo maka tallan wasu ne da su ma kwafo sunan suka yi daga wani tallan, makaho na jan makaho. Shi ya sa na gwada wani shafi na masu kimanta tsofaffin kaya, ba zan kama suna ba, kana tura hotuna ka biya yuro 25 kan kowane abu ɗaya su haɗa ka da masanin fannin, sun ce cikin awa 48 za ka ji amsa. Abu uku na tura.

Na farko wani kwanon tokar sigari ne mai nauyi kamar dutse, an yanka gefensa lungu-lungu kamar lu'u-lu'u, ja a ciki, sai ruwan ɗorawa ya kewaye shi, sannan garau a waje. Ni bana shan sigari, makullai nake zubawa. Wannan salon sommerso suke ce masa, wato a nutsa kala ɗaya cikin wata tun gilashin na narke har ka ga kamar launin yana iyo cikin ruwa. Dattijon da ya sayar min yuro 40 ya dafa ƙirji ya ce Flavio Poli ne, ni kuma na dawo gida ina ta murna na yi tsuntuwa, don Poli ba ƙaramin suna ba ne, shi ya ja ragamar zane a Seguso Vetri d'Arte daga 1934 zuwa 1963 kuma ya ci lambar Compasso d'Oro, babbar lambar yabo ta masu zanen kaya a Italiya, a 1954.

Amsar matar da aka haɗa ni da ita ta sauke ni ƙasa. Ta ce Murano ne kam, amma ba ta ga dalilin jingina shi ga Poli ba, wai sunansa ya zama kamar gishiri, duk wani sommerso da ba sitika sai a barbaɗa masa. Ta ce irin wannan yanka mai kusurwoyi an fi sanin gidan Mandruzzato da shi a shekarun 1960 da 1970, amma wasu gidajen ma sun yi, don haka abin da za ta iya rubutawa shi ne "salon Mandruzzato", ba za ta wuce nan ba. Raina ya ɗan sosu gaskiya. Amma da na zauna na duba hotunan ayyukan Poli na ainihi sai na ga ai nasa masu santsi ne, lanƙwasa kamar ɗigon ruwa ko bawon kifin teku, ba ruwansu da nawa. Kuɗin da ta ƙiyasta masa bai yi nisa da abin da na biya ba, to alhamdulillah ba a cuce ni ba, mafarkin ne kawai ya watse.

Na biyu doguwar kwalba ce koriya mai murfi mai tsini, ta kusa kai min gwiwa. Wannan ko minti biyar ban jin ta ɗauka, ta ce ba Murano ba ne sam, Empoli ne, wani gari a Toskana kusa da Firenze. Su ma tsofaffin masu gilashi ne, koren nasu daga ƙarfen da ke cikin yashin yankin ya samo asali, kuma sun fitar da irin waɗannan kwalabe da yawa zuwa Amurka. Ɗan Italiya ne, tsoho ne, amma ba ɗan tsibiri ba. Nan ne na ji haushin yuro 25 ɗina don kwalbar kanta yuro 15 na saye ta, sirdi ya fi doki tsada kenan. Laifina ne, ba nasu ba.

Na uku shi ne mai ciwon. Wani ɗan kwano shuɗi mai ƙananan kumfa a jere reras cikin jikinsa, bullicante sunan salon, da ɗan ƙyalli na zinariya. Ranar da na kawo shi akwai wata 'yar sitika mai walƙiya a gindinsa rabinta ya ɓare, ban ko tsaya karantawa ba, uwargida kuma ta ga ƙura ta jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu ta goge tas har da sitikar, a ganinta ta kyauta. Matar nan ta tambaye ni ko akwai sitika, na ba ta labari, ta ce to shaidar kenan ta bi ruwa. Yawancin gidajen Murano na wancan zamani ba sa sa hannu a jikin gilashi, sitikar takarda ko ta gwangwani kawai suke mannawa. Venini na cikin 'yan kaɗan da suka riƙa buga tambari da asid a gindi, layi uku, venini murano ITALIA, shi ma wani lokacin sai ka karkata shi a haske kafin ka gani, kuma har shi ana yin na jabu. Ta lissafo min gidaje uku da suka yi irin kwanona ta ce ba za ta zaɓi ɗaya ba don in ta zaɓa caca ta yi.

Abin da ya sa ban kira wannan asara ba kenan. Da ta so ta faranta min rai da ta rubuta Barovier kawai na tafi ina washe baki, wa zai kama ta? Kuma tambayoyin da ta yi min sun koya min duba kaya fiye da rahoton kansa. Ta sa na sake ɗaukar hoton gindin kowanne a hasken rana, na auna nauyi da sikelin kicin, na auna tsayi da faɗi. Gindi shi ne komai ashe. A nan ake ganin cibiya, wato tabon da sandar ƙarfe ke bari inda aka ɓalle ta bayan an gama aiki, wasu gidajen su goge ta sumul wasu su bar ta. A nan kuma ake ganin ƙarce-ƙarcen shekaru na zama kan tebur, na gaske ba su da tsari, sun bi ko'ina, na ƙarya da aka yi da takardar yashi duk gefe ɗaya suke kallo. Ta kuma ja kunnena kan gilashin ƙasar Cek da sababbin na Caina da ake cakuɗawa da na Murano a kasuwa. Ita kuwa sitikar nan ta Vetro Artistico Murano da ake ta cewa ka nema a matsayin shaidar cewa a Murano aka yi abu, dokar yankin Veneto (inda Benis yake) ta 1994 ce ta kawo ta, ba za ka same ta a kayan 1950 ko 1960 ba, in ma ka gani a jikin abin da aka ce maka na 1955 ne to ka san da magana.

Inda suka gaza kuma zan faɗa. Awa 48 ɗin nan zance ne, kwana biyar na yi, don duk sanda suka nemi ƙarin hoto sai agogon ya koma farko kuma ba su faɗi haka ba kafin ka biya. Rahoton gajere ne ƙwarai, bai cika rabin shafi ba, ba hoton wani makamanci da za ka kwatanta, kuma tambaya ɗaya tak aka yarda ka yi bayan an ba ka amsa, ta biyu sai ka sake biya. A ƙasa da ƙananan haruffa sun rubuta cewa ra'ayi ne daga hoto, ba takardar shaida ba ce, wato in za ka kai gidan gwanjo na gaske sai an sake dubawa da hannu.

Tambayata ɗayar nan ma ban yi ta kan gilasan ba, na tura mata hoton wata tsakiya mai furanni ta kakata da ke wajen mahaifiyata. Ta ce irin millefiori ne da aka riƙa yi a Benis ana kaiwa Afirka ta Yamma, amma sanin gidan da ya yi ƙwaya ɗaya sai Allah. Na kira Hajiya na faɗa mata ashe tsakiyarta ta riga ni zuwa Italiya, ta ce to in bar kashe kuɗi a kan kwalabe.

Tauraro uku da rabi na ba su cikin biyar. In abu ya haura yuro ɗari ko yana da rubutu a gindi da kake shakka, zan sake turawa. Ƙasa da haka a'a. Yanzu dai doka ce a gidanmu, duk gilashin da ya shigo sai an kife shi an ɗauki hoton gindinsa kafin ya ga ruwa.