Littafin girkin ganye: na Turawa ko na Indiya?

Na Turawa ya dogara da cuku, kirim da tanda, wani girkin ma har da giya. Kafin ki haɗa kayan a Accra, kuɗin cefanen mako ya tafi.

Na Indiya ya fi dacewa da kasuwar Nima: albasa, tumatir, citta, tafarnuwa, duk tukunya ɗaya a kan kurfoti. Inda suka ce alayyafo, kontomire (ganyen gwaza) zai yi, amma ki dafa shi ya nuna sosai, in ba haka ba ya yi ƙaiƙayi a maƙogwaro. Jan lentil ɗinsu (wani irin ƙanƙanin wake) minti 20 ya nuna, wakenmu kuwa sai kusan awa guda, don haka ki ƙara ruwa. Kayan ƙamshi cikin mai daƙiƙa 30 sun isa. In wutar gawayi ta ƙona su, miyar ɗaci za ta yi.