Lanolin, basilin ko man kaɗanya: wanne za a saya don faso da fashewar leɓe?

Idan hunturu ya shigo, abu uku ake yawan nema a kemis da kasuwa: basilin, man kaɗanya, sai lanolin da mutane ba su saba da shi ba sosai. Ga faso mai zurfi, da leɓen da ya tsage, da kan nonon mai shayarwa, lanolin na fi ba da shawara, matuƙar an samu na gaske.

Lanolin maiƙo ne da fatar tunkiya ke fitarwa don kare ulunta daga ruwa. Ba kitse ba ne, kuma ba sai an yanka dabba ba. Bayan an yi wa tumaki aski ana wanke ulun da ruwan zafi, a tace maiƙon daga ruwan wankin da injin juyi, sannan a tsaftace shi. Ostireliya da New Zealand na cikin manyan masu samar da ulun. Fifikonsa shi ne yana iya shan ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, don haka yana riƙe danshi a fata, yana kuma tausasa kaushi. Yana narkewa tsakanin digiri 38 zuwa 44, shi ya sa da sanyin safiya zai yi tauri. A lakato kamar ƙwayar wake, a murza tsakanin yatsu har ya saki, sannan a shafa. Ga faso, a jiƙa ƙafa minti 10 a ruwan ɗumi, a goge sama-sama, a shafa tun da sauran laima, a sa safa a kwana. Shafa shi a busasshiyar ƙafa ɓarnar kuɗi ce.

Basilin ya fi kowa toshe fata kuma ga arha, amma rufi kawai yake yi. Man kaɗanya ya dace da shafa jiki duka, sai dai bai daɗe a dunduniya.

Wajen saye ake shan wahala. A duba jerin kayan haɗi: na zalla zai nuna Lanolin ko Adeps Lanae shi kaɗai. Man da aka rubuta lanolin da manyan baƙaƙe a gaba, amma sunan ya zo can ƙarshen jeri bayan turare, ɗan kaɗan ne a ciki. Mai shayarwa kuwa ta nemi wanda aka tace musamman don ita, irin na Lansinoh ko Purelan na Medela, domin ana fesa wa tumaki maganin ƙwari, kuma tacewar ce ke rage ragowarsa. Wannan ba wurin neman rangwame ba ne, bakin jariri zai shiga.

Duk wanda ya ce nasa daga tumakinmu na gida aka samo, a ajiye masa kayansa. Balami da Uda da Yankasa gashi gare su, ba ulun da ake tatsar wannan maiƙo ba. Akwai kuma na masana'antu, wanda ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa, baƙi-baƙi mai ƙarni sosai. Idan aka ɗura shi a ƙananan robobi marasa suna, ba mai gane wa. Wasu basilin suke rinawa ya yi rawaya. Gwajin ba wuya: a sa kaɗan a tafin hannu, a ɗiga ruwa, a murza. Na gaske zai shanye ruwan ya koma fari-fari, yana danƙo yana jan zare tsakanin yatsu. A kan basilin ruwan zai tsaya ƙwaya-ƙwaya. Robar da ba ta da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewa, da sunan kamfani, kada a karɓa ko da kyauta.

Lanolin na da nasa aibin. Wasu fatarsu ba ta ɗaukarsa, har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana shi a matsayin abin lura na shekarar 2023 cikin abubuwan da ke jawo borin fata. Masu kirci da masu gyambo sun fi fuskantar haka. A shafa kaɗan a cikin damtse a jira awa 48. In an ga ja ko ƙaiƙayi, a koma basilin mara turare.