Jos ko hanyar Daura? Amsar mai tambayar yawon keke

Salam. Ɗan uwa, na ga tambayarka tun jiya, ka ce ka sayi keken hawan dutse ɗan Kwatano mai giya 21, kana zaune a Kano, kana da hutun kwana huɗu a Disamba kuma kana so ka zaga ƙauyuka ka ga wuraren tarihi, shin ka ɗora keken a mota ka tafi Jos ne ko kuwa ka kama hanyar Daura daga ƙofar gida. Toh ni dai duk biyun na taka su da keke, Jos sau biyu, Daura sau ɗaya, bari in jera maka su gefe da gefe kai ma ka auna.

Mu fara da ƙasa tunda ita ƙafarka za ta fara sani. Jos tudu ce, garin kansa ya haura mita 1,200 daga saman teku, tsaunukan Shere da ke gabas da gari kuma ƙololuwarsu ta wuce mita 1,800, Kano kuwa ko 500 ba ta cika ba. Ma'ana a Jos babu wani abu wai shi miƙaƙƙiyar hanya in ka bar kwalta, daga hawa sai gangara, daga gangara sai tsakuwa da manyan duwatsu da ruwa ya zaizaye gefensu, kuma a nan ne za ka gane dalilin da ya sa aka yi wa keken nan giya har 21. Ranar farko da na nufi Shere da safe wallahi ban yi minti arba'in ba numfashina ya fara fita kamar na ragon da aka kora daga kasuwa, na sauka na tura keken ina satar kallon ko akwai mai ganina, sai ga wata tsohuwa da itace a kafaɗa ta wuce ni tana min sannu. Amma fa gangarowar, kai! Ka ɗaga daga sirdi, ka ja jiki baya, yatsu biyu a kan birki, iska mai sanyi tana dukan fuska, wannan daɗin babu shi a ƙasar Kano ko ka shekara kana nema.

Hanyar Daura kuwa shimfiɗa ce, Kano zuwa Dambatta zuwa Kazaure zuwa Daura, kilomita ɗari da 'yan kai. Sai wajen Kazaure ne za ka samu 'yan tsaunuka da za su sa ka taɓa giya, sauran duk feda ce kawai. Sai dai kar ka ce banza ta faɗi, domin in ka bi kwalta za ka yi ta fama da manyan motoci da 'yan haya masu gudu kamar an biyo su, in kuma ka sauka ka bi burtali da hanyoyin ƙauye, wanda shi ne ainihin abin da kake nema, to yashi ne zai tare ka, kana tafiya lafiya lau sai tayar gaba ta nutse keken ya tsaya cak kai kuma ka yi gaba. Dabarar ita ce ka ɗan rage iskar taya, ka sa giya mai sauƙi, kar ka daina juya feda kuma kar ka murɗa kan keken da ƙarfi. Ga tsidau. Duk wanda ya yi yarinta a ƙauye ba takalmi ya san tsidau, to yadda yake yi wa tafin ƙafa haka yake yi wa tif, ni a yini ɗaya tsakanin Kazaure da Daura sau uku na yi faci, na ukun a gindin wata aduwa yara sun kewaye ni suna ba ni shawara kowa da tasa. Kaga ke nan Jos tana cin birki da cinya, Daura tana cin tif da haƙuri.

Yanzu tarihi, kuma nan ne nake ganin maganar ta rabu. A hanyar Daura tarihin yana kan hanyar ne, kuma naka ne, tun kana firamare kake jin sunayen. Tun kafin ka bar Kano ma kana iya farawa da Dutsen Dala bayan asuba, inda ake ba da labarin Barbushe da Tsumburbura, ka tsaya a sama ka hango Goron Dutse da abin da ya rage na ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ka sauko ka ratsa ta Kurmi, kasuwar da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga nan ka fita ka yi arewa, kwana biyu kana ratsa gonakin da aka gama girbi, karan dawa a tsaye an haɗa bukka-bukka, rumbuna cike, kuka duk ta zubar da ganye, sai ka shiga Daura da ƙura har gira ka tsaya a rijiyar Kusugu. Rijiyar tana cikin gini yanzu, kuma har yau akwai ruwa, za a zura guga a ɗebo maka ka sha. Ni dai na sha jin labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a da sarauniya Daurama har na ɗauka ba abin da zai taɓa ni, amma da na iso da ƙishirwar gaske, maƙogwaro a bushe bayan tafiyar yini, aka miƙo min ruwan nan, sai na fahimci me ake nufi da a hana gari rijiya kwana shida a mako. Wanda ya zo a mota mai sanyi da gorar ruwa a hannu ba zai ji wannan ba. In da sauran ƙarfi, daga Daura ka yi yamma hanyar Katsina, akwai Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani inda kaburburan sarakunan farko na Katsina suke, tuddai ne na ƙasa, in ba an nuna maka ba sai ka wuce, sannan ka ƙarasa hasumiyar Gobarau a cikin birni. Amma a kwana huɗu ban ce ka haɗa duka ba.

Jos ma tana da tarihi, kar wani ɗan Filato ya zo ya cinye ni, sai dai nata iri daban ne kuma ba duka ne ke kan hanyar keke ba. Mafi yawan abin da za ka gani a daji tarihin kuza ne. Duk waɗannan kududdufai masu ruwa kore shar da ke wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ba Allah-ya-yi ba ne, ramukan da kamfanonin Turawa suka haƙa ne tun farkon shekarun 1900, ga tulin jar ƙasa a gefensu, kuma kakannin Hausawa da yawa da ke Jos yau aikin kuzar nan ne ya kai su. Kana tafe a keke kana hawa kan tulin da mutane suka ɗebo da kwano a ka. Kyau kam akwai, hoto kamar ba Najeriya ba, amma don Allah kar zafin feda ya sa ka faɗa wanka, suna da zurfi sosai kuma sun ci mutane. Akwai dutsen Riyom da ke ɗore kan juna kamar wani ne ya jera, akwai ƙauyukan Birom da shingen ƙyarana maimakon danga, gonakin dankalin Turawa da acca. Tsohon tarihin kuwa sai ka shiga gari, gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ƙarƙashin wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, inda kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok suke, waɗanda aka fara tsinta a 1928 a wajen haƙar kuza. Abin dariya kuma, a gefensa akwai wurin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, kaga ka baro Kano ka je Jos kallon ganuwar Kano.

Yanayi a Disamba: duk biyun hunturu ne, amma sanyin Jos ba wasa ba, da asuba yatsu sai su ƙi kama birki, dole safar hannu da rigar sanyi. Hanyar Daura safiya da sanyi, rana ta ɗan yi zafi, ga hazo da iska mai busowa daga arewa maso gabas, wato tana dukan ƙirjinka a tafiya, tana tura ka a dawowa. Man leɓe da ƙyallen rufe hanci kar ka manta. Kuma ka gode Allah ba Afrilu ka samu hutun ba, da Jos kawai zan ce maka in yi shiru.

Gyara da ciki. A hanyar Daura kusan kowane gari akwai mai faci a gindin bishiya, sai dai ya saba da Phoenix da Raleigh, in ka kawo masa matsalar giya zai iya buɗe ta ya kasa mayarwa, don haka tif biyu, famfo, gam da faci, ɗan man ceni, duk a jakarka. A tsaunin Jos kuwa in ceni ya tsinke kai da Allahnka, sai turawa. Abinci ba ka da matsala a arewa, fura da nono a kowace kasuwar ƙauye, ƙosai da kunu da safe, masallaci ko'ina, in dare ya yi ka je ka gaida mai gari ka faɗi abin da ke tafe da kai. A Jos ka fi kwana a cikin gari ka riƙa fita da safe kana dawowa kafin magariba, ka nemi gwate mai zafi.

Sai maganar da ba a so amma dole, tsaro. Wasu ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos sun sha rikici, baƙo shi kaɗai a keke yana ratsa gonaki yana ɗaukar hoto ba dabara ba ce, sai da ɗan gari wanda aka sani. Jihar Katsina ma ka san halin da yammacinta ke ciki da 'yan bindiga, ɓangaren Daura ya fi sauƙi amma duk da haka ka tambayi direbobin tasha a satin da za ka tafi, ba labarin wata uku baya ba. Kuɗi kuma, Jos akwai na mota da na ɗaukar keke da masauki, Daura daga ƙofar gidanka ka hau.

Da ni ne kai, sabon keke, ƙafa ba ta saba ba, kuma da bakinka ka ce tarihi kake so, Daura zan yi wannan karon: kwana biyu tafiya da kwana a Kazaure, yini ɗaya a Daura, rana ta huɗu ka ɗora keken a mota ka dawo in cinya ta ƙi. Jos ka bar ta sai ka yi wata uku kana hawa, ka canza robar birki, ka sayi hular kwano ta gaske, ka samu abokin tafiya. Kuma kafin Disamba ka je Goron Dutse ka gwada giyar nan ɗaya bayan ɗaya, don 'yan Kwatano da yawa 21 ɗin a rubuce kawai take, bakwai ne ke shiga.