Injin bidiyo mai zagayawa a wajen dina: yana fito da masu kunya kuwa?

Kowace dina da irin nasu: ƙannen ango da suka maƙale a teburin ƙarshe, ƙawar amarya da ta sha anko amma ta ƙi leƙa fili. MC ya kira sunansu a lasifika, su ƙara sunkuyar da kai kan waya. Injin nan da ake kira 360, wanda masu hoto ke kawowa haya wuraren biki, yana yi wa irin waɗannan amfani sosai, amma fa sai an iya kafa shi.

Faifai ne zagayayye da ake hawa, sai sanda mai ɗauke da waya da fitila tana kewaya mutum, a ɗauki bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi. Mai faɗin santimita 80 yana ɗaukar mutum biyu zuwa uku, mai 100 kuwa har huɗu. Ku nemi babban. Mai kunya ba ta hawa ita kaɗai, sai ƙawaye biyu sun sa ta a tsakiya.

Babban kuskuren masu kafawa shi ne ajiye shi kusa da kujerar ango da amarya ko gefen DJ. A nan idon kowa yake, sai waɗanda suka saba shiga fili su mamaye shi. Lungu ya fi, kusa da ƙofar shiga, a ware masa fili kamar mita 3 kowane ɓangare, a saki labule a baya. Shi ma mai kula da injin ya daina ɗaga murya yana cewa "ki yi rawa mana!" Ya ce a hankali ta nuna lallen hannunta ko ta gyara mayafi. Da hannu ya samu abin yi, fuska kan saki da kanta.

Dogon mayafi da hannun babbar riga suna iya kama sandar, don haka a tattare su, a kuma rage gudun injin. A tabbatar yana da batir saboda ɗaukewar wuta. Intanet kan yi rauni a cikin zauren taro, gara a tura bidiyon ta Xender ko AirDrop.

Tun kafin ku biya kafin alƙalami, ku gindaya sharaɗi: ba haska bidiyon kowa a babban allo, ba ɗorawa a Instagram sai da izinin mai shi. Tsoron wannan ne ke zaunar da mata da yawa a kujera har a tashi.